Gyaran DNS ɗin kamfaninmu a Sakkwato: abin da anka yi, rana-rana

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau Alhaji ya amince a fara aikin. Kamfanin namu na taki ne da iri da maganin feshi, muna kuma sayen albasa lokacin kakarta, babban ofis nan cikin garin Sakkwato, sai sito a Illela da Tambuwal da wani ƙaramin ofis a Birnin Kebbi. Koke uku ne sunka taru kuma kowa shina ganin nashi daban. Hajiya akanta tana cewa imel ɗin da take aika ma dilolin Legas sai sun tona cikin jakar sifam suke ganinshi, yaran Tambuwal suna cewa kwamfuta ba ta karɓar kalmar sirri da safe sai an yi ta kashewa ana kunnawa, shi kuma shafin kamfani wani in ya buɗe ya ga sabo wani ya buɗe ya ga na shekarun baya da tsohon farashi. Kowa ka tambaya sai ya ce netwok ne. Ni dai tun da na zauna na duba na gane dut ukun wuri guda sunka fito, sunaye ne ba su nuna inda ya kamata su nuna, matsalar DNS ce, tsarin da ke juya sunan intanet ya koma adireshin lambobi na na'urar da ake nema.

Abin da na fara nema shi ne wa ke riƙe da sunan. Zan riƙa rubuta shi sunanmu.com.ng a nan. Dut sunan da ya ƙare da .ng shina ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da rajistar sunayen intanet na Najeriya, amma ta hannun kamfanonin rajista da sunka amince ma ake saye. Namu an yi rajistarshi da imel ɗin wani ma'aikaci da ya bar aiki tuntuni, imel nashi na kanshi, kenan in wa'adin sunan ya kusa ƙarewa can saƙon tunatarwa za shi tafi mu ba mu da labari sai ranar da imel da shafi sunka tsaya gaba ɗaya. Wallahi wanga ya fi tada min hankali bisa koke-koken. Na ce ma Alhaji, ranka ya daɗe kafin mu taɓa komai sai sunan ya dawo hannun kamfani. Ya ce a kira mutumin da mutunci, a kuma shirya takardar CAC ko da kamfanin rajistar za su nemi shaida.

Laraba, 15 ga Janairu

Mutumin ya ba da haɗin kai, Allah ya saka mashi da alheri, yanzu rajistar tana kan imel na ofis kuma ni da manaja muke da shiga.

Ɗan bautar ƙasar da anka turo mana shi ke taya ni, yaro mai ƙoƙari, kuma tambayarshi ta farko ita ce ta yaya kwamfutar wani mutum a Legas take sanin inda sabarmu take, babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafinmu. Rekod ɗin NS ke wanga aiki. Awa baƙo ne ya shigo Sabuwar Kasuwa shina neman wani ɗan kasuwa, na bakin ƙofa bai san shi ba amma ya san layin 'yan taki, na layin ya san rumfar, na rumfar ne zai ce mashi ga shi nan. Ana farawa daga sabobin tushe masu sunaye 13, daga a zuwa m, su ce tambayi masu .ng, su kuma masu .ng su duba NS ɗin da ke rubuce ma sunanmu su ce tambayi sabar wane. Namu NS ɗin har yanzu shina nuna tsohon kamfanin da ya taɓa ɗauke mana shafi wanda ba mu ƙara biyansu ba, suna dai amsawa ne don ba su goge mu ba tukun.

Na sauke dut zon ɗin, ma'ana jerin dut rekod ɗin sunanmu, na karanta layi-layi. Na farko SOA, wanda ke faɗin babbar sabar zon ɗin da imel ɗin mai kula da lambar siriyal da lokuttan da sabobin baya za su riƙa zuwa duba ko an yi canji. Siriyal ɗin an rubuta shi da tsarin shekara-wata-rana, kuma shekarar da ke jiki ta nuna an daɗe rabon da wani ya taɓa wurin. TTL ɗin kusan komai 86400 ne, daƙiƙa kenan, kwana guda cur, ma'ana dut sabar da ta tambaya za ta riƙe amsar kwana guda ba ta sake tambaya ba. Na rage shi zuwa 300, minti biyar. Amma ragewar kanta ba ta aiki nan take, sai tsohuwar amsar ta gama kwananta a ma'ajiyar sabobin mutane, shi ya sa ba abin da za mu motsa kafin jibi. Manaja ya so a yi komai yau, na ce Malam in mun yi gaggawa rabin dilolinmu za su riƙa aika saƙo sabon wuri rabi tsohon wuri kuma ba mu da ikon gyarawa sai lokaci ya cika.

Wani abu da na tarar kan kwamfutar Hajiya: wani ya taɓa buɗe fayil ɗin hosts ya rubuta adireshin sabar lissafi da hannu don ya kauce ma matsala. Da wanga tsari intanet ta fara, fayil guda HOSTS.TXT da ake ajiyewa a cibiyar SRI a Amurka kowa ya riƙa saukewa, har ya yi yawa ya gagari kulawa, Paul Mockapetris ya fito da DNS a 1983, anka sake tsara ƙa'idar a 1987 cikin RFC 1034 da 1035 waɗanda har yau su ne ginshiƙi. Na goge layin, don ranar da munka canza adireshin sabar kwamfutarta kaɗai za ta ƙi bi kuma ba wanda zai tuna dalili.

Juma'a, 17 ga Janairu

Aikin takarda yau. Mun buɗe jadawali a Excel, kowane rekod da layinshi: suna, nau'i, inda yake nunawa, dalilin da anka sa shi, da wanda zai amsa in anka tambaya. Wurin dalili da mai shi ne ya fi zama fayau. Akwai layukan da na zagaya ofis dut ba wanda ya san mi suke yi. Ban goge su ba tukun, na dai sa masu jan launi.

Talata, 21 ga Janairu

Mun gano sirrin shafi biyu. Rekod ɗin A, mai haɗa suna da adireshin IPv4, tsohon tsarin adireshin lambobi, shina nuna sabon wuri daidai. Amma akwai AAAA, mai haɗa suna da adireshin IPv6, sabon tsarin, da anka bari shina nuna tsohuwar sabar. Dut wanda layinshi ke da IPv6 na'urarshi ta kan fifita shi sai ta kai shi tsohon shafi, mu nan ofis ba mu da IPv6 shi ya sa ba mu taɓa gani ba, kuma dut wanda ya kawo ƙara sai a ce mashi wayarshi ce. Sabon mai ɗauke mana shafi ya ba mu adireshin IPv6 nashi na sa.

CNAME kuma laƙabi ne, suna shina cewa ku tambayi wancan sunan. www ɗinmu CNAME ne kuma hakan daidai ne. Ɗan bautar ƙasa ya ce to mu sa ma sunanmu.com.ng kanshi CNAME mu huta, na nuna mashi dalilin da bai yiwuwa: ƙa'ida ta ce sunan da ke da CNAME ba ya ɗaukar wani rekod tare da shi, shi kuma tushen zon dole shina da SOA da NS, ga MX na imel, kenan sai dai A da AAAA. Wasu kamfanonin DNS suna da dabarar ALIAS da ke kewaye wanga, amma su ne ke yin aikin a bayan fage su miƙo ma mai tambaya A.

Cikin jajayen layukan nan biyu CNAME ne masu nuna wani dandali na waje da anka taɓa buɗe shago a kai anka rufe. Waɗanga su ne masu haɗari, don wani na iya zuwa dandalin ya yi rajistar sunan da munka bari, daga nan shago.sunanmu.com.ng ya koma nuna shafinshi da sunanmu a sama, ya karɓi kuɗin taki hannun manoma. Na goge su yau ba jira.

Da yamma munka kwafe zon ɗin zuwa sabon mai kula da DNS, munka tabbatar amsar tsoho da sabo iri guda ce da nslookup, umurnin da ake tambayar DNS da shi, sannan na canza NS a wurin rajista. Tsohon zon zai zauna yadda yake na ɗan lokaci, don TTL ɗin NS da ke wurin masu .ng ba mu ke yanke shi ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na zaɓi bayan sallar Juma'a don ofis ya kan yi tsit. Imel ya koma Microsoft 365. MX shi ke faɗa ma duniya sabar da ke karɓar saƙon sunanmu, kuma kowane MX da lambar fifiko, ƙaramar lamba ita ake fara gwadawa. A tsohon zon akwai guda biyu, 10 da 20, na 20 ɗin shina nuna sabar da ba kowa ke buɗe akwatunanta ba, kenan dut lokacin da ta farko ta yi jinkiri saƙo ya faɗa can ya kwanta. Da munka shiga ciki munka tarar da saƙonnin diloli da ba a taɓa karantawa ba, har da masu neman farashin tirela guda na taki. Hajiya ta yi shiru ta ce Inna lillahi, mutanen nan sun ɗauka raina su munka yi.

Yanzu MX guda ne, wanda ya ƙare da mail.protection.outlook.com. Abin lura, MX dole ya nuna suna mai A ko AAAA, ba a nuna shi ga CNAME kuma ba a rubuta mashi adireshin IP kai tsaye. Na ƙara CNAME na autodiscover don Outlook ya riƙa saita kanshi a wayoyin ma'aikata. Yaron ya gwada sunan kafin in gama sawa, sai kwamfutarshi ta riƙa cewa babu shi har bayan na sa, don amsar "babu" ma ana ajiye ta, kuma lamba ta ƙarshe cikin SOA ke da hannu wurin yanke tsawon lokacin. Ya share ma'ajiyar da ipconfig /flushdns, ma'ajiyar rauta kuma, na'urar da ke raba intanet a ofis, sai da munka jira.

Talata, 28 ga Janairu

Wagga rana dut ta tafi kan TXT, kuma a ganina nan ne kuɗin kamfani ya fi shiga haɗari.

TXT asalinshi wurin rubuta bayani ne kawai, amma yanzu shi ke ɗauke da shaidar imel. Na farko SPF, jerin sabobin da munka yarda su aika saƙo da sunanmu. Zon ɗinmu na da SPF guda biyu, ɗaya na tsohon kamfani ɗaya wani ya ƙara daga baya, kuma ƙa'idar ta ce in sun wuce ɗaya mai karɓa ya ɗauke shi kuskure ne gaba ɗaya, kenan da biyun da babu dut ɗaya. Na haɗe su layi guda. Akwai kuma iyakar tambaya 10, kowane include da a da mx ana ƙirga shi har da waɗanda ke cikin cikinsu, in ka wuce goma SPF ɗin ya rushe. Namu yanzu include na Microsoft ne da adireshin ofis, sai ~all a ƙarshe, mai cewa a yi shakkar sauran amma kada a ƙi su kai tsaye, kafin mu tabbatar ba mu manta kowa ba.

Na biyu DKIM, sa hannu na sirri da sabar ke liƙa ma kowane saƙo, mabuɗin tantancewa kuma shina zaune a DNS ƙarƙashin _domainkey. Su Microsoft CNAME biyu suke ba ka, selector1 da selector2, don su riƙa sauya mabuɗi ba tare da sun dame ka ba. Na uku DMARC, a _dmarc.sunanmu.com.ng, shi ke cewa sunan da mutum ke gani a wurin "daga" dole ya dace da wanda SPF ko DKIM sunka tabbatar, in bai dace ba ga abin da za a yi da saƙon. Na fara da p=none, ma'ana a sa ido kawai kada a taɓa saƙon, tare da adireshin karɓar rahoto. Manaja ya ce dommi ba za mu sa reject, mai cewa a ƙi saƙon, kai tsaye ba tunda shi ne mai ƙarfi, na ce Malam ba mu san dut wanda ke aika saƙo da sunanmu ba tukun, in mun rufe ƙofa yau ƙila rasitin da manhajar lissafi ke aikawa ne zai fara faɗawa waje, bari rahoto ya nuna mana.

Dalilin da faɗawar imel ɗinmu jakar sifam ta tsananta a bara shi ne tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo sunka tsaurara, dut mai aika masu saƙo sai shina da SPF ko DKIM, masu aika kusan 5,000 a rana kuma sai da duka biyun da DMARC. Mu ba mu kai nan ba, amma yawancin dilolinmu Gmail suke amfani da shi.

Da damina wani dila ya kusa tura kuɗi wani asusu saboda imel da ya zo mashi da tambarinmu shina cewa mun canza banki, Allah ya taimaka ya kira Alhaji kafin ya tura. Alhaji ya tambaye ni ko yanzu an gama da irin wanga. Na faɗa mashi gaskiya, ranka ya daɗe DMARC zai tare wanda ya rubuta sunanmu sak, amma wanda ya yi rajistar suna mai kama da namu ya canza harafi guda ba abin da rekod ɗinmu zai mashi, don sunanshi ne ba namu ba. Maganin wancan sai a gaya ma diloli baki da baki cewa ba mu canza asusu ta imel. Ya ce Hajiya ta rubuta a ƙasan kowane rasit.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Rahoton DMARC ya fara shigowa kuma ya nuna sabar lissafi tana aika rasit kai tsaye daga adireshin ofis, Gmail na ƙin wasu. Dalili PTR. Shi wanga juyin A ne, daga adireshi zuwa suna, ana juya lambobin a ƙara in-addr.arpa, misali 203.0.113.25 ya koma 25.113.0.203.in-addr.arpa. Masu karɓar imel suna son adireshin ya nuna suna, sunan kuma ya dawo ya nuna adireshin. Matsalar ita ce PTR na adireshin waje ba ya cikin zon ɗinmu, shina hannun mai adireshin, kamfanin da ke ba mu intanet, su kuma daga AFRINIC da ke Moris sunka samo, ita ke rabon adireshi a Afirka. Na rubuta masu, amma ban tsaya jira ba, na saita sabar lissafi ta riƙa miƙa saƙonta ta Microsoft 365 da asusu nata. Hakan ya fi min kwanciyar hankali ma, in gobe mun canza kamfanin intanet rasit ba zai tsaya ba. Na cire adireshin ofis daga SPF.

Talata, 11 ga Fabrairu

Tambuwal. Mun fita da sassafe cikin hazo, mun isa kafin yaran su kunna komai don in ga abin da idona.

Ciki muna da Active Directory, tsarin Microsoft mai riƙe sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu, kuma shi ba ya rayuwa sai da DNS. In ma'aikaci ya sa kalmar sirri, kwamfutar ba ta san wace saba ce ke tantancewa ba sai ta tambayi rekod ɗin SRV, irin su _ldap._tcp.dc._msdcs sai sunan cikin gida. SRV ya fi A bayani, shina faɗin fifiko da nauyi da lambar ƙofa da sunan sabar, LDAP a 389, Kerberos a 88, babban kundin a 3268, kuma sabar DC, ita mai tantancewar, da kanta take rubuta su ta hanyar Netlogon ba a sa su da hannu. To ashe wanda ya sa rautar Tambuwal ya saita ta tana raba ma kwamfutoci 8.8.8.8 na Google a matsayin DNS na farko, sabar ofis ta biyu. Google ba su san sunan cikin gidanmu ba kuma ba dalilin da za su sani, sai su amsa babu, kwamfuta kuma in ta samu amsar babu ba ta zuwa ta tambayi na biyu don a wurinta an amsa mata, sai in na farkon ya yi shiru ne kawai take juyawa. Shi ya sa wata rana ya yi wata rana ya ƙi, ranar da ya yi ɗin ma sau da yawa tsohuwar shaidar da Windows ta ajiye ce ta buɗe masu, su shiga amma babban fayil na ofis ya ƙi buɗewa.

Na gyara, kwamfutocin ciki DNS na ciki kaɗai za su tambaya, ita sabar ciki ce za ta miƙa tambayar waje ga na waje. Mai kula da siton, dattijo ne, ya ce ɗana to in layin Sakkwato ya yanke ko an ɗauke wuta can fa, kenan ko Facebook ba za mu buɗe ba? Tambayar tana kan hanya, na ce Baba gaskiyarka. Amsar ita ce DC na biyu mai DNS, kuma Birnin Kebbi ya fi dacewa don can ne ke da sola da inbata mai ƙarfi. Sai an raba wuraren a Active Directory kowane ofis da jerin adireshinshi, 10.10 na Sakkwato 10.20 na Kebbi da sauransu, don SRV ɗin kowane wuri ya nuna sabar da ta fi kusa. Na rubuta ma Alhaji kuɗin.

Kwamfuta guda ta ci gaba da ƙi bayan gyaran, wagga kam batirin agogonta ne ya mutu, Kerberos, tsarin da ke tantance shigar, ba ya yarda da bambancin lokaci da ya wuce minti biyar.

Sunan cikin gidan an yi shi da .local tun farko. Ba na son shi, don an ware .local ma mDNS, hanyar da na'urori ke gano juna ba tare da saba ba, kuma na'urorin Apple da wasu firintoci suna rikicewa da shi. Da sabon gini ne da na sa ƙaramin suna ƙarƙashin namu, awa ciki.sunanmu.com.ng, ko .internal da ICANN, hukumar sunayen intanet ta duniya, ta ware ma amfanin cikin gida a 2024. Amma canza sunan Active Directory mai aiki babban tiyata ne, ban ga ribar da za ta biya haɗarin ba yanzu. Na bar shi na rubuta dalili a jadawali.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Zon ɗin ciki cike yake da matattu, kwamfutocin da anka sayar ko sunka lalace sunayensu na nan, adireshi guda sunaye uku. Shi ya sa in ka nemi kwamfutar kashiya ta nesa sai ka faɗa ta mai sito. Windows na da tsarin shara, kwana 7 na farko ba a sabunta hatimin lokaci, kwana 7 na biyu ana jiran sabuntawa, in ba a ji motsi ba a goge, DHCP kuma, mai raba ma kwamfutoci adireshi, haya ta kwana 8 yake bayarwa in ba a canza ba. Kafin in kunna sai da na bi firintoci da na'urar kyamarori da na'urar ɗaukar yatsa na tabbatar nasu rekod ɗin na dindindin ne marasa hatimi, don sharar ba ta taɓa irinsu. Na kuma buɗe zon na PTR na ciki ma kowane ofis, wanga kam namu ne, don in na ga 10.30.0.14 na cinye data in san ta wa ce ba sai na kira waya ba.

Sabar lissafi yanzu suna guda amsa biyu, daga ciki 10.10 daga waje adireshin waje. Sharaɗin shi ne dut wanda ya canza ɗaya ya tuna ɗayan, na ƙara shafi a jadawali don wanga kawai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na sa CAA. Shi ke faɗin kamfanin da munka yarda ya ba sunanmu satifiket na HTTPS, kuma tun Satumban 2017 dole ne masu ba da satifiket su duba shi kafin su bayar. Namu Let's Encrypt ne, mai kwana 90 shina sabunta kanshi, sai na rubuta letsencrypt.org. Sabar lissafi ta ciki ma ta samu satifiket ta hanyar TXT na _acme-challenge, ba sai masu bayarwar sun iso ga sabar kanta ba.

Mun yi doguwar magana da Alhaji kan ko a ƙara kamfanin DNS na biyu. Na ba shi labarin 21 ga Oktoban 2016 da anka yi ma kamfanin Dyn ruwan tambayoyi har Twitter da Netflix sunka gagari mutane da yawa a Amurka alhali sabobinsu lafiya lau, da kuma 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp da Instagram sunka ɓace kusan awa shida bayan kuskuren saiti ya sa hanyar zuwa sabobin DNS nasu ta janye. Wanga na biyun ya tuna shi sarai don ranar ciniki ya tsaya mashi. Amma da ya tambayi ra'ayina na ce girmanmu bai kai ba, wanda muke kai yanzu shina da NS da yawa a wurare daban-daban, kuɗin gara a sa su a sabar Kebbi wadda rashinta muke ji kowane mako. Abin da na nace a kai shi ne a biya sunan na shekaru gaba, a kulle shi wurin rajista, a sa tantancewa mataki biyu.

DNSSEC na ɗage shi. Ina son shi, sa hannu ne kan amsoshin kansu da DNSKEY da RRSIG, sai DS da ake ajiyewa wurin uwar zon, tushen intanet ma tun 2010 anka sa mashi hannu. Amma in DS ya saɓa da mabuɗi sunan gaba ɗaya zai ɓace ga dut mai tantancewa, kuma yanzu ni kaɗai ne zan iya gyarawa. Sai an samu mutum na biyu da ya iya.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, ana tashi aiki da wuri, sai na taƙaita canje-canje zuwa safiya. Rahoton DMARC na wata guda ya fito da mai aikawa guda da ba mu sani ba, ashe manajan Illela ne ya buɗe asusu a wani dandalin aika saƙo da yawa shina tura ma manoma da diloli farashin mako da sunan kamfani, da kyakkyawar niyya. Na kira shi munka yi magana, na sa mashi DKIM na dandalin a ƙaramin suna, sanarwa.sunanmu.com.ng, don in wani abu ya ɓata sunan can kada ya shafi imel ɗin Hajiya. Sauran waɗanda rahoton ya nuna adireshi ne na ƙasashen da ba mu da kowa, dut sun faɗi SPF da DKIM. Yau na mai da DMARC p=quarantine, ma'ana a kai saƙon da ya faɗi jakar sifam, reject sai bayan sallah in rahoto ya ci gaba da tsabta.

TTL na mayar 3600 ga yawancin rekod, MX da NS sun fi haka tunda ba motsa su za a yi ba. Jajayen layuka sun rage biyu, TXT ne na tabbatar da mallaka da ba a gano mai su ba, na ba sassan ofis zuwa ƙarshen wata in ba wanda ya ce nashi ne in cire. Kamfanin intanet sun amsa za su sa PTR, na ba su sunan. Sabar Kebbi ta iso tana cikin kwali, kebul da rak ne ba su zo ba, in sun zo ranar Asabar ɗan bautar ƙasa zai ɗaga ta DC da hannunshi ina tsaye, sannan ya duba da nslookup ko SRV ɗinta sun fito a zon kafin mu ƙara ta a DHCP na Tambuwal da Illela.